Fasto Samuel Shoemaker (1893–1963): Makiyayin da Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

A kowace shekara, idan lokacin komawa makaranta ya yi, iyaye a Bulkachuwa da Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum sukan raka 'ya'yansu tasha, da jakar kaya da ɗan gari da mai, da kuɗin da aka tara da gumin damina. Waɗansu Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare suka nufa, waɗansu jami'ar jiha da ke Gadau, waɗansu kuwa Bauchi ko Jos ko Maiduguri. Da yawansu sukan komo da abin da aka aike su nema. Amma akwai gidan da yaro yakan komo a rame, da jajayen idanu, yana barci da rana yana yawo da dare, har a wayi gari kuɗin cefane ko wayar uwa ta ɓace, sa'an nan a gane cewa ƙwaya ko maganin tari ko barasa ta daɗe da kama shi. Gidajen masu bi ba su tsira daga wannan ba. Ɗan dattijon ikkilisiya yakan faɗa ciki, 'yar shugabar zumuntar mata ma haka, kuma sau da yawa kunya takan rufe bakin kowa har sai abu ya lalace.

Tambayar da ke gaban irin wannan gida da ikkilisiyarsa tsohuwa ce: me za a yi da wanda ya faɗi, musamman idan yana so ya tashi? Akwai wani bawan Allah a ƙasar Amurka wanda ya yi fiye da shekara arba'in yana fama da wannan tambaya. Ya fara hidimarsa a tsakanin ɗalibai, ya ci gaba a tsakanin mashaya, ya yi kuskure babba a tsakiyar tafiya, ya kuma furta shi da kansa. Sunansa Samuel Moor Shoemaker.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haife shi ran 27 ga Disamba, 1893, a birnin Baltimore na jihar Maryland, a cikin watan da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara ƙasar Sudan. Gidansu gidan wadata ne. Kakansa ya tara dukiya a harkar jigilar kaya, shi kuwa ya tashi a babbar gonar iyalinsu da ake kira Burnside, a bayan gari, inda ake kiwon shanun madara. Iyayensa 'yan ikkilisiyar Episkofal ne, wato 'yar'uwar ikkilisiyar Angilikan a Amurka, kuma tun yana ƙarami ya saba da sujada da karatun Littafi Mai Tsarki.

Bayan makarantar kwana, sai ya shiga Jami'ar Princeton a 1912, ya gama a 1916. Zamani ne da wutar aikin bishara ke ci a zukatan ɗaliban Amurka da Turai. Manyan masu wa'azi irin su John R. Mott da Robert Speer suna zagaya jami'o'i da tarurrukan hutu, suna kiran samari su miƙa kansu domin aiki a ƙasashen nesa. Shoemaker ya ji wannan kira, ya amsa. A 1917 ya tafi Bejin ta ƙasar Sin, domin ya koyar da darussan kasuwanci a wata makaranta da Princeton ke tallafawa tare da ƙungiyar YMCA, ya kuma riƙa koyar da Littafi Mai Tsarki.

Darasin ƙasar Sin

Saurayin yana da ilimi, yana da baiwar magana, yana da asali. Duk da haka ajinsa na Littafi Mai Tsarki sai raguwa yake yi, kuma bai ga mutum ɗaya da ransa ya sāke ta dalilinsa ba. Yana cikin wannan damuwa sai ya gamu da Frank Buchman a watan Janairu na 1918. Buchman faston Lutheran ne daga Pennsylvania, wanda ya yi shekaru yana aiki da ɗalibai a kwalejin jihar, inda ya yi abota da mutumin da ke sayar wa ɗalibai barasa a ɓoye, har mutumin ya tuba ya bar sana'ar. Yana koyar da cewa mai bi ya riƙa auna kansa da ma'aunai huɗu da aka tsamo daga rayuwa da koyarwar Yesu: cikakkiyar gaskiya, cikakken tsarki, cikakken rashin son kai, da cikakkiyar ƙauna.

Shoemaker ya roƙe shi ya taimaka masa da wani saurayi Basine da ya kasa shawo kansa. Buchman bai karɓi aikin ba. Ya mayar masa da tambaya a kan abin da ya hana shi yin aikin da kansa, ya kuma nuna masa cewa zunubin da ba a furta ba yana iya toshe hanyar iko. Maganar ta yi wa Shoemaker zafi ƙwarai, ya tafi da fushi. Amma da dare ya yi, sai ya zauna ya auna kansa da ma'aunan nan, ya tarar da girman kai da riƙon da bai saki ba, ya durƙusa ya miƙa su ga Ubangiji. Har ƙarshen ransa yana lissafta ranar 19 ga Janairu, 1918, a matsayin mafarin hidimarsa ta gaskiya. Da ya koma wurin saurayin nan, bai je da hujjoji ba. Ya faɗa masa gazawarsa da abin da Allah ya yi masa a daren, saurayin kuwa ya ba da gaskiya.

A nan ya koyi abin da ya zama ginshiƙin aikinsa duka: mutum yakan buɗe zuciyarsa ga wanda ya fara buɗe tasa. Wanda ya tsaya a bisa tudu yana nuna yatsa, ba a cika jin sa ba.

A tsakanin ɗalibai

A 1919 ya koma Princeton ya zama sakataren ƙungiyar ɗalibai Krista ta jami'ar, irin aikin da sakatarorin FCS da NIFES ke yi a makarantun ƙasar nan. An naɗa shi dikon a 1920, aka naɗa shi limami a 1921, shekarar da littafinsa na farko ya fito, sa'an nan ya sāke komawa aikin ɗalibai na ɗan lokaci. Hanyarsa mai sauƙi ce. Yakan zauna da ɗalibi ɗaya, ya saurare shi har ya gama, ya taimake shi ya kira matsalarsa da sunanta, sa'an nan su yi addu'a tare. Yakan haɗa ɗalibai cikin ƙananan ƙungiyoyi inda kowa zai faɗi gaskiyar halin da yake ciki. Yakan koya musu su keɓe lokaci da sassafe domin karatun Maganar Allah da yin shiru a gabansa. Wanda ya cuci wani, ya je ya gyara, kamar yadda Zakka ya yi a cikin Luka sura 19. Wanda ya sami taimako kuwa, kada ya zauna, ya nemi wani ya taimaka masa.

Hanyar ba ta rasa masu suka ba. Waɗansu sun ce tana matsa wa samari su tona asirin da ya kamata a rufe, har shugaban jami'ar ya hana Buchman aiki a harabar makarantar. A cikin sukar akwai abin dubawa, gama furci a gaban taro yana iya zama abin cutarwa idan babu hikima da riƙon amana. Shoemaker ya ƙara fahimtar cewa akwai abin da ake faɗa wa taro, akwai kuma wanda ake faɗa wa amintaccen mutum ɗaya kaɗai. Bai san cewa darussan nan na ɗakunan ɗalibai za su zama magani ga waɗansu irin mutane dabam ba.

Majami'ar Calvary da gidan mashaya

A 1925, yana da shekara 31, aka kira shi ya shugabanci majami'ar Calvary a birnin New York. Tsohuwar majami'a ce mai daraja, amma masu hali sun yi ta ƙaura daga unguwar, kujeru sun zama wayam. Sabon faston bai zauna jiran mutane ba. Yakan fita da mawaƙa da masu ba da shaida zuwa dandalin Madison da yammacin Lahadi, a yi wa'azi a fili, sa'an nan a gayyaci jama'a zuwa sujada.

A lokacin dokar hana sayar da barasa tana aiki a Amurka, daga 1920 zuwa 1933. Dokar ta rufe mashayu na fili, amma na ɓoye suka yawaita, mashaya kuma ba su ƙare ba. Majami'ar tana da wani tsohon gini a Titi na 23, a unguwar talakawa. A 1926 Shoemaker ya mai da shi gidan ceto, inda wanda barasa ta raba da gida da aiki zai sami abinci da wurin kwana da wa'azi kowane dare. Ya danƙa shugabancin gidan ga Harry Hadley, mutumin da shi kansa aka tsamo daga lalatacciyar rayuwa, ɗan Samuel Hadley wanda ya yi suna a irin wannan aiki a birnin. Da tattalin arziki ya karye a 1929, sai masu neman mafaka suka ƙaru. A 1928 an riga an gina wani babban gida kusa da majami'ar, wanda ya zama cibiyar mabiyan Buchman a Amurka, waɗanda a lokacin ake kira Ƙungiyar Oxford. A 1930 Shoemaker ya auri Helen Smith, wadda ta zama abokiyar hidimarsa, Allah kuma ya ba su 'ya'ya mata biyu.

Waɗanda suka shigo ta ƙofar

A 1934 wani mashayi mai suna Ebby Thacher ya tsaya gaban alƙali a jihar Vermont, ana shirin tsare shi saboda ɓarnar da yake yi cikin maye. Waɗansu 'yan Ƙungiyar Oxford, cikinsu har da Rowland Hazard wanda shi ma ya sha fama da barasa, suka tsaya masa, aka sake shi a hannunsu. Daga baya ya sami masauki a gidan ceto na Calvary. Da ya yi 'yan watanni bai sha ba, sai ya tuna da tsohon abokin shansa, Bill Wilson, wanda ya taɓa yin arziki a kasuwar hannun jari, amma barasa ta cinye kome, har matarsa Lois ce ke aiki a kanti tana ciyar da gida. Likitansa, William Silkworth, ya bayyana masa cewa cutarsa ta haɗa abu biyu: jikin da ba ya iya tsayawa idan ya ɗanɗana, da tunanin da ke mai da shi ga kwalba ko da ya rantse ya bari.

A watan Nuwamba Ebby ya ziyarce shi a gidansa da ke Brooklyn. Bill ya miƙa masa barasa, ya ƙi karɓa, ya kuma ba shi labarin abin da ya same shi. A farkon Disamba Bill ya je gidan ceton da kansa, a buge, ya fita gaba sa'ad da aka yi kiran tuba. Ran 11 ga Disamba, 1934, aka kwantar da shi a asibiti, a can kuma, cikin matuƙar fid da zuciya, ya yi kuka ga Allah, ya sami abin da ya sāke shi. Bai ƙara shan barasa ba har mutuwarsa a 1971. Da ya fito, shi da Lois suka riƙa zuwa tarurrukan Calvary, suna zaune a ƙarƙashin koyarwar Shoemaker.

A watan Mayu na 1935 harkar kasuwanci ta kai Bill birnin Akron a jihar Ohio, ta kuma watse. Yana shi kaɗai a masauki, ƙishin barasa ya taso masa, sai ya gane cewa abin da zai tsare shi shi ne ya sami wani mashayi ya yi magana da shi. Ya buga wa wani fasto waya, daga hannu zuwa hannu har aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Robert Smith. Tarihin wannan likita abin lura ne ga iyayen ɗalibai. Daga gidan masu ibada ya fito, a kwalejin Dartmouth kuma ya koyi sha. Barasa ta katse masa karatun likita a Jami'ar Michigan, da ƙyar ya kammala a wata makaranta a Chicago a 1910, bayan da aka sa shi ƙarin zango da sharaɗin kada ya sha. Abin da ya fara a ɗakin kwanan ɗalibai ya bi shi fiye da shekara talatin. Ya yarda ya saurari baƙon na minti goma sha biyar kawai, amma suka shafe sa'o'i suna magana, gama karon farko ke nan da ya gamu da wanda ya san ciwon daga ciki. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ranar 10 ga Yuni, 1935, ake lissaftawa a matsayin ranar shansa na ƙarshe, ita ce kuma ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato zumuntar mashaya masu sakaya sunansu, wadda ake taƙaitawa AA. Kafin mutuwarsa a 1950, likitan ya yi jinyar mashaya kimanin 5,000 kyauta.

Kuskuren makiyayi

A nan ne labarin ya ɗauki wata fuska mai ɗaci. Da Bill ya koma New York, sai ya fara tara mashaya a gidansa, su kaɗai. Shugabannin ƙungiyar da ke Calvary ba su ji daɗin haka ba. Hankalinsu yana kan jawo manyan mutane da sāke al'ummai, suna kuma ganin Bill ya ware yana yin abin kansa ba tare da izini ba. Aka hana mazaunan gidan ceto zuwa taron gidansa, wani mataimakin fasto kuma ya soki taron daga bagade. Mashayan ma a nasu ɓangaren sun ga ma'aunan nan huɗu sun yi wa sabon tashi nauyi, suna kuma tsoron yadda ƙungiyar ke son shelar sunayen waɗanda suka tuba. A 1937 Bill da Lois suka fita. Shoemaker, wanda ƙofarsa ce ta karɓe su da fari, bai tsaya musu ba.

Shi ma bai daɗe a ƙungiyar ba. Furucin da Buchman ya yi game da Hitler a 1936 ya jawo mata baƙin jini, a 1938 ta sāke suna ta ƙara karkata ga al'amuran duniya, Shoemaker kuwa ya ga tana nisa da ikkilisiya. A 1941 ya rabu da mutumin da ya zama uba a gare shi cikin bangaskiya, ya bukaci ƙungiyar ta bar gidan Calvary. Bayan shekaru ya rubuta wa Bill wasiƙa, ya ce idan za a rubuta tarihin farkon AA, to, a faɗi gaskiya cewa ba su ƙarfafa shi ba. Ya amsa cewa shi kansa yana cikin masu son su mallaki aikin Ruhu Mai Tsarki su tsara masa hanya, ya ce yana baƙin ciki da kunya a kan haka. Shahararren mai wa'azi ne ya rubuta wannan ga tsohon mashayi wanda bai taɓa zama ɗan majami'arsa ba. Abin da ya koya wa ɗalibai game da gyara laifi, ya aikata shi a kan kansa.

Matakai goma sha biyu

A 1939 ƙungiyar AA ta buga littafinta, wanda ya ƙunshi matakai goma sha biyu na murmurewa. A taƙaice, mutum ya yarda cewa abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa kansa ga Allah, ya binciki halinsa ba da ɓoye-ɓoye ba, ya furta laifofinsa ga Allah da wani mutum ɗaya, ya lissafta waɗanda ya cuta ya gyara inda gyaran ba zai jawo wata cuta ba, ya dage da addu'a, sa'an nan ya kai wa wani mashayi saƙon. Mai karatun wasiƙar Yakubu sura 5 ba zai ga baƙon abu a nan ba. Bill ne ya rubuta matakan, Shoemaker kuma bai taɓa cewa nasa ne ba. Amma Bill ya shaida a rubuce, a 1957, cewa binciken kai da amsa laifi da biyan hakkin waɗanda aka cuta da taimakon waɗansu, daga Ƙungiyar Oxford suka samo su, kai tsaye daga bakin Shoemaker.

A 1955, a babban taron cikar AA shekara ashirin a birnin St. Louis, Bill ya gabatar da shi ga dubban waɗanda suka bar barasa, ya yi musu jawabi tare da wani limamin Katolika, Edward Dowling. Daga baya Shoemaker ya juya tambayar, ya yi rubutu a kan abin da ikkilisiya za ta koya daga mashayan nan. A ganinsa, sun fi masu zuwa sujada da yawa sanin bukatarsu, ba sa yi wa juna kwalliyar ƙarya, suna bin mutum ɗaya ɗaya da naciya, kowannensu kuma yana ba da shaida ba tare da jiran a naɗa shi ba.

Shekarun ƙarshe

A 1952 ya koma birnin Pittsburgh, cibiyar masana'antun ƙarfe, ya shugabanci wata majami'a wadda ita ma sunanta Calvary. A can ya tara 'yan kasuwa da ma'aikatan ƙarfe da ɗaliban jami'a cikin ƙananan ƙungiyoyin addu'a. Mai shakka yakan shawarce shi ya gwada yin addu'a kowace rana har kwana talatin a kan abin da ya dame shi, ko a kan mutumin da ya ƙi jini, sa'an nan ya zo ya faɗi abin da ya gani. Ya yi wa'azi ta rediyo, ya rubuta littattafai fiye da ashirin, bai kuma daina zuwa jami'o'i ba. Rashin lafiya ya sa ya ajiye aiki a 1962, ya koma Burnside. Ya huta ran 31 ga Oktoba, 1963, saura wata biyu ya cika shekara saba'in. A 1967 matarsa ta buga tarihinsa, ta ɗauko sunan littafin daga wata waƙa da ya rubuta, inda ya bayyana kansa a matsayin mai tsayawa kusa da ƙofar gidan Allah domin masu laluben ta daga waje.

Daga Calvary zuwa harabar makaranta

Iri ya ci gaba da tsiro bayansa. A 1951 Lois Wilson da wata abokiyarta suka kafa zumunta domin iyalan mashaya, a 1953 kuma aka kafa irin ta AA domin masu shan ƙwayoyi. Daga baya aikin ya koma inda Shoemaker ya fara, wato jami'a. Jami'ar Brown ta soma shirin tallafa wa masu murmurewa a 1977, Rutgers a 1983, ta kuma buɗe musu gidan kwana na musamman a 1988, Texas Tech a 1986, kwalejin Augsburg a 1997. Ba shi ya kafa su ba, amma tarurrukan matakai goma sha biyu suna cikin ginshiƙansu. Abin da suke bayarwa sananne ne: ɗaki inda ba a shigo da abin maye, mai ba da shawara, taro a kai a kai, taimako a kan karatun da aka rasa, da abokai sababbi. Sun lura cewa ɗalibin da ya fito daga jinya aka mai da shi tsohon ɗaki da tsofaffin abokai, da wuya ya tsaya, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Bukatar tana nan a ƙofar gida. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina, waɗansu da sarƙa a ƙafa, da yawansu kuwa iyaye ne suka kai su da kyakkyawar niyya. Doka tana da aikinta, hukumar NDLEA tana nan tun 1989, amma tarihin Amurka ya nuna cewa hani shi kaɗai ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu, sarƙa kuma ba ta taɓa kwance zuciya ba.

Rayuwar Shoemaker ta bar wa gidajen masu bi abubuwa da za su riƙe. Na fari, a kira matsala da sunanta tun da wuri, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na biyu, addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Bill Wilson a gadon asibiti ya yi kuka ga Allah, a ƙarƙashin kulawar likita. Wanda ya daɗe yana shan barasa da yawa, idan ya yanke farat ɗaya ba da likita ba, yana iya kamuwa da jijjiga da ruɗewa har ya rasa ransa, tiramadol mai yawa ma tana jawo jijjiga. Saboda haka a fara da babban asibitin tarayya da ke Azare, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri. Na uku, kada yaro ya koma makaranta shi kaɗai. Iyaye su haɗa shi da faston makarantar ko shugabannin zumuntar ɗalibai, a sama masa abokin ɗaki mai natsuwa da babba ɗaya amintacce wanda zai iya kira ko da tsakar dare. Na huɗu, ikkilisiya ta ba waɗanda suka fita daga wannan rami ɗaki da lokaci su gana da juna, ta kuma kame bakinta daga yaɗa sunayensu, kada ta maimaita kuskuren Calvary.

Na ƙarshe, komawa gidan jiya ba ƙarshen labari ba ne. Ebby Thacher, wanda ya kai wa Bill saƙon, shi kansa ya sāke faɗuwa sau da dama. Bill bai yar da shi ba, ya ci gaba da tallafa masa yana girmama shi a matsayin wanda ya nuna masa hanya, har Ebby ya mutu a 1966 ba ya sha. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uban da ke cikin misalin ɗa ɓatacce ya hango ɗansa tun yana nesa, domin idonsa yana kan hanya. A irin wannan wuri Samuel Shoemaker ya zaɓi ya tsaya dukan kwanakinsa, kuma a kowane gida da kowace majami'a, daga New York har Bulkachuwa, wurin nan yana bukatar mai tsayawa.